Sunan da Ba Mai Shi a Gidanmu

Masu fara rubutu sun fi son su tambaye ni inda nake samo ilhama. Nakan ba su amsa ta mutunci, in ce yawan karatu da lura da mutane. Gaskiyar magana kuwa, ilhama ba ta taɓa zuwa mini ina zaune da biro a hannu ba. Sai na zuba albasa a mai, ko hannuwana sun yi dumu-dumu da kumfar wanki, sannan take sallama. Da za a tara miyar da na ƙona saboda wata jarumar da ba a taɓa haifa ba, da ta ishi taron biki. Amma ba wanda ya taɓa tambayata yadda ake zaɓa wa mutanen labari suna, kuma shi ne abin da ya kusa raba ni da rubutu gaba ɗaya.

Ni 'yar Sandamu ce, aure ya kawo ni cikin birnin Daura, gidan 'yan kasuwar yadi. Gida ne babba mai sassa da yawa, ƙofa ɗaya, bakuna ba adadi. Na zo da kayan ɗaki da littattafan rubutu guda bakwai cike da labarai, na tura su ƙarƙashin zannuwa kamar kayan sata. Ba su ɓoyu ba. Kafin in cika wata biyu kowa ya san amaryar nan tana rubuta ƙarya. Haka suka raɗa wa sana'ar tawa, kuma har yau ban sami hujjar musa musu ba.

Yayyen maigidana suka ce abin bai dace da gidan ba. Maganar ta je gaban Hajiya, mahaifiyarsu, wadda ita ce ƙarshen kowace shari'a a gidan tun rasuwar mahaifinsu. Tana zaune tana tsince shinkafa ta saurare su har suka gama, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ku ƙyale ta. Da ta zauna tana gulmar mutanen gaske, gara ta yi ta na ƙarya. Su ba sa kawo ƙara."

Da muka koma sashenmu maigidana ya ce, "Kin dai ji. Da bakin Hajiya kike rubutun nan. Ranar da ta ce a ajiye, an ajiye, ba sai mun yi doguwar magana ba." Na ce na ji. Shi mutum ne mai sauƙin kai, amma karatunsa bai wuce tambarin da ke gefen shadda ba. Ko sau ɗaya bai taɓa buɗe labarina ba. In na ce na gama littafi sai ya ce Allah ya sa albarka, da irin muryar da yake faɗa in na ce kaza ta yi ƙwai.

Shekara uku na yi ina rubuta abin da kowa ke rubutawa. Jarumaina duk farare ne masu gashi har gadon baya, samarinsu kuwa ba sa dawowa daga ko'ina sai daga filin jirgi. Ni da ban taɓa ganin cikin jirgi ba na saukar da mutum ya kai ashirin lafiya. Ina turawa shafi-shafi a wani zauren mata na waya da sunan aro, ana yabawa, ina jin daɗi. Sai wata rana na karanta abin da na rubuta da safe, na kasa tuna ko wannan yarinyar ta littafin bana ce ko ta bara. Shawarata ta farko ke nan ga mai son ji: in ke da kika haifi jarumarki ba ki iya gane ta a cikin taro, to ki sake haihuwa.

Sai na yanke shawarar rubuta tsohuwa. Mai sayar da daddawa, marowaciya, mai baki kamar reza. Tana wanke leda ta shanya, tana ɗaure murfin randa da igiya don kada baƙo ya sha da yawa, in yaro ya gaishe ta sai ta tambaye shi me yake so. Na ji daɗinta tun kafin in rubuta layin farko. Saura suna.

Duk wanda ya yi rubutu a ƙasar nan ya san wahalar suna. Sunayenmu kaɗan ne, masu su da yawa. Ki tsaya a gidan biki ki kira suna ɗaya, kai shida zai waiwayo. Na taɓa sa wa wani ɓarawon akuya suna ba tare da tunani ba, ashe sunan mai kayan miyan bakin layinmu ne. Matarsa ta karanta masa. Wata huɗu bai ƙara mini gyaran ko tattasai ɗaya ba. Tun daga nan na ƙirƙiro dabarata, wadda har na riƙa koya wa wasu da alfahari. Na ware shafi na musamman, duk sunan da na ji an kira a gidanmu ko a unguwa sai in rubuta shi, in haramta wa mugayen labarina shi. Sati uku na yi ina kasa kunne, a tsakar gida, a wajen kitso, a zauren da yara ke wasa. Da shafin ya cika, sai na nemo wani tsohon suna mai daɗi a baki, irin na mutanen da, na duba jerin sama da ƙasa, babu shi. Ko sau ɗaya ban ji an furta shi a gidan nan ba. Na ce alhamdulillahi, ga suna marar mai shi.

Ba zan rubuta shi a nan ba, za ku ga dalili.

Labarin ya karɓu fiye da duk abin da na taɓa yi. Matan da ban sani ba suna turo mini cewa wallahi wannan goggonsu ce, wasu su ce maƙwabciyarsu. Sunan tsohuwar ya zama abin tsokana, in mace ta hana ƙawarta aron dutsen guga sai a kira ta da shi. Daga nan wata mai zaƙin murya ta fara karantawa tana ɗauka a waya, muryar ta riƙa tsallakawa daga wannan waya zuwa waccan har ga waɗanda ba sa karatun boko. Kaina ya kumbura. Na fara tafiya a tsakar gida irin ta wadda ta san wani abu.

Ina babi na goma sha biyu ƙanwar maigidana ta kira ni daga Dutsi, inda take aure. Abokiyar wasata ce, ita kaɗai a dangin ta san sunan aron da nake rubutu da shi, sai dai ba ta da haƙurin karatu, sai da murya ta zo mata sannan ta ji labarin. Ranar ba ta fara da tsokana ba.

"Matata, lafiyarki ƙalau kuwa?"

"Ƙalau. Me ya faru?"

"Sunan wa kika sa wa mai daddawa?"

"Sunan ba kowa. Sai da na bincika."

Ta yi salati ta sanar da Ubangiji. "Kin bincika a ina? Sunan yankan Hajiya ne fa."

Na zauna a kan turmi ba tare da na san na zauna ba. Nan take komai ya jeru a gabana. Ban taɓa jin sunan ba saboda ba mai iya faɗarsa. 'Ya'yanta ba sa faɗa, surukai ba sa faɗa, jikoki ba su ma isa ba. 'Yan mata uku a gidan da ake kira da laƙabi, kowanne ma'anarsa uwa, ashe duk sunan ne ke ɓoye a ƙarƙashi. Akwai wata mai kawo mana ƙuli-ƙuli da kowa ke ce wa mai sunan Hajiya. Sau ɗari na kira ta haka da bakina, ban taɓa tsayawa na ce to wai wane sunan ba. Na yi sati uku ina rubuta abin da ake faɗa, ban ba abin da ake kauce wa ko layi ɗaya ba. Sunan da ya fi kowanne yawa a gidan shi na ɗauka a matsayin marar mai shi, na manna wa marowaciya, na raba wa duniya.

"Ta ji?" na ce.

"Ta ji? A gidan barka ta ji, jiya. Wata ta kunna a tsakiyar ɗaki ana ta dariya, sai ga sunan, an haɗa shi da mai baƙar rowa. Waɗanda suka sani suka daskare. Hajiya ta ce wa ya rubuta. Ni kuma da na je da ƙafata, sai ta kalle ni. Kin san kallon. Na faɗa."

"Me ta ce?"

"Ta shanye kununta ta yi musu sallama."

Washegari maigidana ya dawo daga Kongolam, inda ya je karɓo kaya. Ko takalmi bai cire ba ya ce, "Ni ban karanta ba, amma tun da na sauka an kunna mini sau uku a shago." Ya ce Hajiya na nemana bayan la'asar, kuma in zo da rubutun. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai kalli littattafan da ke kan teburina irin kallon da ake yi wa ragon da aka riga aka sa wa rana.

Tsoro na ji, ba na ɓoyewa. Ba tsoron faɗan Hajiya ba, na saba da faɗa tun ina yarinya. Tsoron kalma ɗaya nake, a ajiye. Ina son rubutu fiye da yadda ya kamata mace mai hankali ta so abin da ba ya numfashi. Kuma ga kunya, domin matar da ta tsaya mini lokacin da kowa ya ce a hana ni, ita na saka wa da wannan.

Na same ta a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Na durƙusa na gaishe ta, na fara jero ban-haƙurin da na hardace. Ta ɗaga hannu.

"Ke 'yar Sandamu, ajiye wannan. Karanta mini. Waccan ta waya sauri take yi kamar ana korarta."

Maigidana yana tsaye daga gefe. Na buɗe shafin farko, kuma kalmar farko ta labarin sunan ne. Na ce, "Wance ta fito da sassafe..."

"Wace wance?"

"Mai daddawar, Hajiya."

"Ba ta da suna?"

"Tana da shi."

"Kin iya rubutawa, ba ki iya faɗa ba." Sai ta faɗe shi da kanta, a fili, ba ko ɗar. Maigidana ya tuna yana da wani aiki na gaggawa a waje, ya fita yana tuntuɓe da buta.

Haka muka yi karatun. In na iso kan sunan sai in tsaya, ita ta faɗa, in wuce. A nan na gane yawan yadda nake maimaita suna a rubutu, domin a shafi ɗaya sai da ta kira kanta sau tara. Shawara ta biyu ke nan, kuma kyauta na ba ku, ni da gumi na saya: ku rage kiran sunan jarumi, mai karatu bai manta ba. A wurin ɗaure randa da igiya na ji ta yi wani sauti, na saci kallo, sai na ga gefen mayafi ta sa a baki.

Da na kai ƙarshen babi na uku ta ce ya isa. Na sunkuyar da kai ina jiran hukunci.

"Wa ya ce miki ana dafa kalwa da safe a sayar da daddawa da yamma?"

Kafin in buɗe baki ta ɗora.

"Kwana nawa take yi a rufe kafin ta yi wari? Ba ki sani ba. 'Yar ƙauye guda, an haife ki a gindin ɗorawa, ba ki san daddawa ba. Kin sa mace tana sana'ar da ba ki taɓa tsayawa kin kalla ba."

Na ce za a gyara. Na ce sunan ma zan canza, zan fitar da sanarwa in ba da haƙuri, zan roƙi mai karantawa ta goge.

"Ki canza ki sa na wa? Na wata baiwar Allah da ba ta ji ba ta gani ba? Bar shi inda yake." Ta gyara zama. "A ƙarshe me zai same ta?"

Na gaya mata shirina: za ta kwanta ciwo, maƙwabtan da ta wulaƙanta su yi jinyarta, ta yi nadama ta nemi gafarar kowa. Ina faɗa ina jin yadda abin ya tsufa a bakina.

"Kullum haka kuke yi," in ji ta. "Ku ɗauko mutum ku yi ta dukansa har ya tuba, ku ce an yi darasi. Ni tambayata ɗaya. Ita wannan matar, da tsufanta aka haife ta? Ba ta da uwa? Ba ta taɓa yin yarinta ba? Mutum ba ya ɗaure randa sai ya taɓa kwana da ƙishi. Ke kin ga igiyar, ba ki ga ƙishin ba."

Ban taɓa zama a ajin koyon rubutu ba, amma ina shakka ko akwai inda ake faɗar abin da ya fi wannan. Sai ta ci gaba da magana, ba ni take kallo ba, bangon da ke gabanta take kallo. Ta ce a garinsu rijiya tana da nisa, kuma shekarar da ruwa ya yi wuya ita ake aikawa tun tana ƙarama. Ta ce in ta daɗe, mahaifiyarta takan fito bayan danga ta ƙwala mata kira, tana jan ƙarshen sunan har sai numfashinta ya ƙare. Ita ba 'yar fari ba ce, don haka ba a jin kunyar sunanta, kiransa ake yi safe da yamma har ta gaji da shi. Daga baya aka yi mata aure ta zama amarya, ta haihu ta zama uwar wane, ta je Makka ta zama Hajiya. Masu kiran sunan suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ta ce a gidan barkan nan, da ta ji shi daga bakin waya, saura kaɗan ta waiwaya.

"Je ki rubuto yarintarta," ta ce. "Ki kawo mini ran Juma'a. In kin iya, za mu gani. In ba ki iya ba, ki tattara littattafan ki ba masu ƙosai, don ba ki da abin faɗa."

Kwana biyar na yi a kan babin nan, kuma ban taɓa shan wahalar shafi shida irin haka ba. Na fara da kuka da maraici, na yage. Na sa mata mugun kawu, na yage, don na san Hajiya za ta ce wa ya aike ni. Na je gidan wata mai daddawa a bayan layinmu na zauna yini guda, na fito ina wari har yarana suna toshe hanci. Daga ƙarshe na bar duk wata dabara. Na rubuta yarinya da tulu a ka, ƙafarta ba takalmi, ta tsaya a hanya tana kallon ƙadangare, ruwan yana zuba kaɗan-kaɗan a wuyanta, ga uwa can bayan danga ta gaji da jira. Ba mugu, ba darasi. Na karanta na ga kamar ba a yi komai ba a ciki, kuma ba ni da wani abin da ya fi shi.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na je. Ba kowa a sashenta, ta aike su duka. Na zauna na fara. A layin farko na tsaya, ta faɗi sunan kamar yadda muka saba. A na biyu ma haka. Ba ta katse ni ba, ba ta gyara komai ba, ni kuwa shirunta ya fi gyaran ba ni tsoro. Na karanta rijiyar, na karanta tulun, na karanta ƙadangaren. Na iso inda uwar ta fito bayan danga ta sa hannu a gefen baki, na tsaya ina jira.

Ba ta faɗa ba.

Na ɗago. Idonta a rufe yake, hannuwanta a kan gwiwa.

"Wannan ba ni zan faɗa ba," ta ce. "Mutum ba ya kiran kansa."

"Hajiya, ba zan iya ba."

"Ba ke ce ba. Uwarta ce."

Na kalli ƙofa, ba kowa. Tarbiyyar gidanmu duka ta taru ta tare mini hanya. Na ja numfashi na kira shi, a hankali da farko, sannan na ja ƙarshensa yadda ta kwatanta, har sai da numfashina ya ƙare.

"Na'am," in ji Hajiya.

Hawaye ya gangaro mata ta gefe ɗaya, ba ta share ba, ni ma nawa ban share ba. Can ta buɗe ido ta harare ni, ta nuna littafin da haɓa.

"To me kike jira? Ci gaba."